Kafin ka cire injin fetur daga taraktar hannu ka ɗora na dizal, ɗauko biro

Na san ka ga bidiyon, in ba a TikTok ba to a Facebook. Saurayi ya ja igiya, inji ya yi tari sau biyu, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama ƙugi. A sama an rubuta wai an mayar da taraktar hannu mai shan fetur ta koma shan dizal. Daƙiƙa talatin an gama, jama'a na ta zuba "Masha Allah". Ba wanda ya dawo bayan wata uku ya nuna maka halin da akwatin giyar yake ciki.

Kai kuma kana Turawa, ruwan dam ɗin Challawa da aka kammala a 1992 yana kwance a gabanka rani da damina. Kun haɗa kuɗi da yayanka kun sayi 'yar taraktar nan da ake bi a ƙafa, wadda wasu ke cewa fawa-tila, don shanun huɗa sun yi tsada, tsaronsu ma aiki ne, babbar tantan kuwa sai ka yi sati kana jiran layi. Matsalar ita ce mai. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Dole zuciya ta raya maka dizal.

Mu fara gyara magana ɗaya. Injin fetur ba ya komawa na dizal. Duk makaniken da ya ce zai canza maka kafireto ya zama na dizal, ka riƙe aljihunka. Injin fetur yana gauraya mai da iska, ya matse su kamar sau takwas, fulogi ya kyasta wuta. Na dizal ba shi da fulogi, ba shi da kafireto. Iska zalla yake matsewa kusan sau ashirin har ta yi zafin da in nozul ya fesa mai zai kama da kansa, dabarar da Bajamushe Rudolf Diesel ya tabbatar a 1897. Jikin injin fetur ba zai iya ɗaukar wannan matsi ba. Don haka abin da ake yi dashe ne: a kwance wancan gaba ɗaya, a ɗora wani. Kuma ka kula da baki in ka je kasuwa, domin a wajenmu dizal ma "gas" ake ce masa, kada ka nemi na tirela a kawo maka na girki.

Injin da ke kan yawancin ƙananan nan kwafin Honda GX160 ko GX200 ne, ƙarfin doki biyar da rabi zuwa shida da rabi, nauyinsa wajen kilo 16, yana juyi 3,600 a minti. Na dizal da za ka tarar a kasuwa iri biyu ne. Akwai mai sanyaya kansa da iska, irin su 178F da 186F, wanda shi ma yana kai juyi 3,000 zuwa 3,600, amma 178F kaɗai ya ninka na fetur nauyi. Akwai kuma kwantacce mai tankin ruwa a ka, irin su R175 da R180, ɗan'uwan wanda kake gani a gidan niƙa. Shi juyinsa bai wuce 2,600 ba, nauyinsa kuwa sai mutum biyu.

A nan aikin yake. Idan ka ɗora mai juyi 2,600 da fulin da ke kan na 3,600, taraktar za ta riƙa tafiya kamar mai ciwon ƙafa, haƙoran da ke farfasa ƙasa su kasa yin laushi. Lissafin ba wuya: raba 3,600 da 2,600, ka samu kusan 1.4. Fulin inci uku zai koma wajen inci huɗu da ɗan ɗoriya, bel ma ya canza tsawo. Sandar da ke fitowa daga injin fetur kaurinta milimita 19 ko 20 ne, ta 186F kuwa 25, ka ga tsohon fulin ba zai shiga ba sai an je wajen masu feƙe ƙarfe. Ramukan noti ba za su hau kan juna ba, sai an yanko faranti mai kauri an huda. Ka tabbatar kuma ɓangaren da sandar ke juyawa ɗaya ne da na tsohon, kada ka sa giyar gaba ta taho kanka. Idan taraktarka irin wadda injin ke manne kai tsaye da akwatin giya ce, ba bel a tsakani, shawarata ka haƙura kawai.

Na taɓa zama yini guda a bakin shagon wani mai walda ana yi wa ta ƙanin babana wannan dashe. Ya like farantin da walda kai tsaye a jikin shasi, bai sa roba ko ɗaya a ƙarƙashi ba, ya ce ai ƙarfe ne. Sati biyu girgizar injin ta tsaga wurin, ana tsakiyar huɗar masara. Dizal bugu yake yi, ba kamar fetur ba. Shasin da aka ƙera don kilo 16 da akwatin giya na alminiyam ba su san wannan dukan ba. Ga kuma nauyi da ya rinjayi gaba: duk ƙarshen kunya sai ka danne hannu da ƙarfin tsiya kafin ka juya, da yamma kafaɗunka su ba ka labari.

To, yanzu biron. Injin dizal yana shan ƙasa da na fetur a aiki iri ɗaya, wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku. Sai dai dizal ba shi da tallafi tun kafin na fetur ya tafi, kuma sau da yawa litarsa ta fi tsada, ko bayan da matatar Dangote ta fara sayar da shi a 2024. Ga misali, kai ka sa farashin yau a garinku. Mu ce na fetur yana shan lita ɗaya da rabi a awa, lita naira 1,000, ka ƙona 1,500 ke nan. Na dizal lita ɗaya a naira 1,200. Rarar awa ɗaya naira 300. Mu ce inji da fuli da bel da walda da kuɗin mota zuwa Ƙofar Ruwa a Kano sun ci 300,000. Sai ka yi aikin awa 1,000 kafin kuɗinka su dawo. Idan gonar gidanku kawai kake yi, awa hamsin a shekara, shekara ashirin ke nan, malam. Ɗan da aka haifa ranar dashen zai riga ka ganin riba.

Amma idan huɗar kuɗi kake yi, lissafin ya juya. Awa shida a rana daga saukar ruwan farko, sannan gyaran fadama da rani a gaɓar dam, sannan ka ja 'yar tirela ka kwaso masara ko rake daga gonakin Rogo, sannan ka zare bel ka juya famfon ban ruwa ko injin casa da shi. Wanda ke haka zai iya cike awa 1,000 cikin shekara ɗaya ko biyu, ga shi injin dizal ba ya saurin shaƙewa in garma ta nutse a ƙasa mai danƙo, kuma yakan fi daɗewa in ana yi masa juye a kan lokaci. Haka manoman Bangaladash suka yi. Bayan ambaliyar 1988 gwamnatinsu ta sassauta shigo da ƙananan injinan dizal na Chana, inji guda ya zama na ban ruwa, na huɗa, na sussuka, har na kwale-kwale. A yau mafi yawan gonakin ƙasar da taraktar hannu ake huɗe su. Sirrin ba a man yake ba, injin ne ba ya kwana.

Tsohon injin fetur ɗin ma kada ka yar. Sayar da shi zai rage maka kuɗin dashe, ko ka ɗora shi a famfo. Wasu tun 2023 sun sa wa irinsa kafireton gas ɗin girki, abin da ya fi dashen dizal araha nesa ba kusa ba. A famfo da ke zaune wuri ɗaya na yarda da shi. Ɗaure tukunyar gas a jikin abin da ke tsalle cikin rana kusa da salansa, ni dai ba da ni ba.

Idan lissafi ya ba ka, ga halin sabon baƙon naka. Ba ya yafe ƙazamin mai. Dizal ɗin jarka da aka sirka da kananzir ko ruwa ya shiga zai kashe nozul da famfon mai, su ne kuma masu tsadar. Ka tace, ka bar shi ya kwanta kafin ka zuba. Kada ka bari tanki ya ƙafe, in iska ta shiga bututu sai an kwance an fitar da ita kafin ya tashi. Ƙurar huɗa tana cin silinda, don haka matatar iska mai ɗan baƙin mai a ƙasa ta fi ta soso. Wajen tayarwa, danna sandar rage matsi tukuna, in mai hannun wanawa ne kada ka zagaya babban yatsa a kansa, yakan mayar da bugu ya targaɗa hannu. A sa wa bel murfi, ka bar babbar riga a gida.

Kuma kada ka kai aikin nan a watan Mayu. Kai shi a Janairu ko Fabrairu, ka gwada shi sati biyu a fadama, abin da zai tsage ya tsage tun mai walda bai cika da layi ba. Kafin ka biya kuɗin inji, tambayi mai shago ko yana da nozul da zoben fistin na wannan lambar a ajiye, ya ɗauko ka gani da idonka.