Matan Coci da Gwagwarmayar Baƙaƙen Amurka

Mai karanta tarihin neman 'yancin baƙaƙen fatar Amurka zai fi cin karo da sunayen fastoci maza irin su Martin Luther King. Sai dai idan aka bi diddigi, za a tarar da mata a gindin aikin, kuma a makarantun coci suka samu horo, babba tana jan ƙarama a jika. Mary McLeod Bethune, wadda aka haifa a 1875, 'yar tsofaffin bayi ce. Ta fara karatu a hannun malama Emma Wilson a wata makarantar mishan a Karolina ta Kudu, sannan ta koyar a ƙarƙashin Lucy Laney a Jojiya, inda ta ga baƙar mace tana riƙe da makaranta da kanta. A 1904 ta buɗe tata a Daytona da 'yan mata 5. A 1935 ta kafa majalisar baƙaƙen mata ta ƙasa, bayan shekara biyu kuma ta haɗu da Dorothy Height ta ɗora ta a hanya. Height ce ta shugabanci majalisar tun 1957 har tsawon shekara 40. Wannan silsila ba sa'a ce ta haɗa ta ba, reno ne da aka yi da niyya.

Akwai masu cewa irin wannan tarbiyya biyayya kawai ta koyar. Sukan kafa hujja da makarantar da Nannie Helen Burroughs ta buɗe a Washington a 1909, wadda ta ginu a kan abu uku: Littafi Mai Tsarki, wanka da tsintsiya. Ashe ba 'yan aikatau take shirya wa gidajen Turawa ba? Sukar tana da nauyi, amma ta manta da zamanin. Aikatau na cikin ƙofofi ƙalilan da aka bar wa baƙar mace a buɗe, shi ya sa Burroughs ta so a shige ta da ƙwarewa da mutunci. Ta wajabta wa ɗalibanta darasin tarihin baƙaƙe, a 1921 kuma ta kafa ƙungiyar nema wa mata ma'aikata albashi mai kyau. Tun 1900, a taron Baftis na Richmond, ta tsaya gaban shugabannin cocinta ta ce suna hana mata taimakawa. Wadda ta iya faɗa wa fastocinta haka, ba ta tarbiyyantar da 'yan mata don su yi shiru ba.