Gwanjon da Ya Yi Kwantai da Na'urar da Ke Gane Zaren Tufa



Da wuya a sami gida a cikinmu da ba a taɓa sa gwanjo ba. Wasu da cinikinsa suka yi aure, suka gina ɗaki, suka sa yara makaranta. 'Yan'uwanmu mazauna Ingila da Amurka kuwa suna can inda kayan ke tasowa: in tufafi sun yi musu yawa, sai su ƙulle a leda su kai shagon sadaka, ko su jefa a akwatunan da aka tanada a bakin titi. A wannan fitowar muna so mu bi sawun tufar nan, mu ga inda take ƙarewa, mu kuma yi bayanin wata na'ura da aka ƙera don ta ga abin da idon mutum ba ya gani a jikin yadi. Maganar ta shafi abincin mutanenmu, da lafiyar 'ya'yanmu mata masu dako, da kwatocin da ke toshewa a unguwanninmu da damina.

Inda dila ke sauka

Shagunan sadaka na Turai da Amurka ba sa iya sayar da duk abin da ake kawo musu. Ragowar sai su sayar wa kamfanonin da ke tacewa, su matse, su ɗaure dila-dila, a loda a jirgin ruwa. Kaso mai yawa na zuwa tashar Tema, daga nan ya wuce kasuwar Kantamanto da ke tsakiyar Ankara, babban birnin Gana, wadda tana cikin manyan kasuwannin gwanjo na duniya. Da harshen Twi ana kiran kayan obroni wawu, wato tufafin Baturen da ya mutu, don mutanen dā sun ɗauka ba mai rabuwa da tufa mai kyau haka yana raye.

Ƙungiyar The Or Foundation, wadda ta daɗe tana aiki a cikin kasuwar, ta ƙiyasta cewa tufafi kimanin miliyan 15 ke shigowa duk mako, mutum kimanin 30,000 ke cin abinci a wurin, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na abin da ke cikin dila yana fita daga kasuwar a matsayin shara. Ƙungiyar dillalan gwanjo ta Gana ta musanta wannan adadi, ta ce sharar ba ta wuce kashi 5 cikin 100 ba. Ko da wane lissafi mutum ya ɗauka, wanda ya bi ta gaɓar tafkin Korle ko bakin teku a Jamestown ya ga tsummokaran da suka nannaɗe kamar igiya suka nutse cikin yashi. Babbar bolar Kpone, inda ake kai sharar birni har da ta tufafi, ta cika tun kafin lokacin da aka ɗibar mata, ta kama wuta a 2019.

Mai sayen dila ba ya buɗe ta kafin ya biya. In ya yanke igiya ya tarar rabi tsumma ne, asarar tasa ce, kuma sau da yawa kuɗin na bashi ne. Ita kuma dilar, mai nauyin kilo 55, a kan kayayo take hawa, 'yan matan da galibi daga arewacin Gana suka zo, wasu suna goye da jariri. Ciwon wuya da na baya da wannan dako ke bari ba ya ƙarewa da an sauke gammo. A daren 1 ga Janairu zuwa wayewar 2 ga wata, 2025, gobara ta cinye fiye da rabin kasuwar, dubban 'yan kasuwa suka wayi gari ba rumfa ba jari. Allah Ya mayar musu da alheri.

Me ya hana a mayar da tsumma sabon yadi?

Dattawa kan tambaya: tunda ana narkar da tsohon ƙarfe a ƙera sabo, me ya sa ba a yi wa tufa haka? Ana yi, amma kaɗan ne. Wani rahoto da gidauniyar Ellen MacArthur ta fitar a 2017 ya nuna cewa abin da ake mayarwa sabuwar tufa daga tsohuwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Dalilin yana cikin zaren.

Kowane irin zare da hanyar sabunta shi. Auduga ana yayyaga ta da inji har ta koma kamar kaɗa, amma gashinta yakan gajarce, dole a gauraya da sabuwar auduga kafin a kaɗa zare mai ƙarfi. Akwai kuma masu jiƙa ta da sinadari ta zama kamar kunu, su ja sabon zare daga ciki. Poliyesta, wanda dangin roba ne da ake samu daga man fetur, narkar da shi ake yi. To yawancin tufafin zamani gauraye ne: auduga da poliyesta a zare ɗaya, ga kuma ɗan zaren roba mai talewa da ake sa wa a wandon jins da riguna masu kama jiki. In gaurayen ya shiga tukunyar auduga ya ɓata ta, in ya shiga ta poliyesta ya ɓata ta. Ashe kafin komai sai an san abin da kowace tufa ta ƙunsa. 'Yar takardar da ake ɗinkewa a wuyan riga ba abin dogaro ba ce, don wata ta goge, wata an yanke ta, wata kuma tun farko ba gaskiya ta faɗa ba.

Masu harkar yadi suna da nasu sanin. Tsohon ɗan kasuwa yakan murza ƙyalle ya ji sanyinsa. In yana shakka ya zare zare ɗaya ya kusanta shi da ashana: auduga tana warin takarda ta bar toka mai laushi, ulu yana warin ƙonannen gashi, poliyesta kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Wannan sani gaskiya ne, sai dai ba zai gaya maka ko auduga kashi 60 ce ko 80 ba, kuma ba mai iya yi wa tufa miliyan haka.

Hasken da ido ba ya gani

A shekarar 1800 wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, ya raba hasken rana da gilashi ya fito launi-launi kamar bakan gizo. Ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi, sai ya gusa da shi gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, ya ga zafin ya ƙaru. Nan aka gane akwai haske a bayan ja wanda idon ɗan Adam ba ya kamawa. Shi ake kira infirared. Yana cikin gidajenmu ma: da shi rimot ke magana da talabijin. In kuka nuna kan rimot ga kyamarar waya kuka danna, a wayoyi da yawa za ku ga ɗan haske yana ƙyaftawa, alhali da ido tsirara ba ku ganinsa.

Da wannan haske na'urar tace tufafi ke aiki. Ana zuba tufafin a kan bel mai tafiya, fitila ta haska su. Kowane irin zare yana shanye wani sashe na hasken ya mayar da saura, kuma yadda auduga ke shanyewa daban da na ulu, daban da na poliyesta, kamar yadda zanen yatsan kowa ya bambanta. Idon na'urar ya karɓi hasken da ya dawo, kwamfuta ta gwada shi da samfurori masu yawa da aka riga aka koya mata, nan take ta yanke cewa wannan auduga ce zalla, wancan gauraye ne. Sai iska mai ƙarfi ta hura tufar ta faɗa cikin kwandon da ya dace. Wata kyamarar kuma tana raba su bisa launi, don in an haɗa ja da ja, shuɗi da shuɗi, ana iya samun zare ba sai an sake rini ba.

A birnin Malmo na ƙasar Suwidin an buɗe irin wannan masana'anta mai suna Siptex a 2020, an gina ta don ta iya tace tan 24,000 a shekara. A ƙasar Holan akwai wata na'urar mai suna Fibersort. An kuma ƙera ƙanana na hannu, waɗanda mai tacewa zai ɗora a kan ƙyalle ya karanta amsa. Tun 1 ga Janairu 2025 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa ƙasashenta su riƙa tara tsofaffin tufafi daban da sauran shara, abin da ya ƙara sa ana neman waɗannan na'urori.

Amma idon na'urar yana da iyaka. Saman yadi kawai yake karantawa, saboda haka kwat mai shafi a ciki yakan ruɗe shi. Wasu baƙaƙen yadudduka suna shanye hasken har ba abin da ke dawowa. Zaren roba mai talewa in kaɗan ne yakan wuce ba a gan shi ba. Tufa mai laima ko datti tana ɓata karatun. Zif da maɓalli kuwa sai an cire su kafin a yayyaga. Sannan tacewa ba ta nufin an sami mai saye: kamfanin Renewcell na Suwidin, wanda ya shahara wajen mayar da tsohuwar auduga sabon zare, ya karye a watan Fabrairu 2024 saboda masu ɗinka tufafi ba su sayi kayansa yadda aka zata ba. Daga baya wasu suka saye shi suka sake masa suna.

Haka nan in kun ga riga an rubuta cewa daga kayan da aka sabunta aka yi ta, ku sani kusan duk irin wannan poliyesta daga robobin ruwa da na lemo yake fitowa, ba daga tsofaffin tufafi ba. Tun 1993 kamfanin Patagonia na Amurka ya fara yin rigunan sanyi da robobi. Abin yana rage bola, amma robar da ta zama riga da wuya ta sake zama wani abu, kuma duk wanki tana zubar da ƙananan zaruruwa da ke bin ruwa zuwa teku.

Abin da hannu ke yi

Na'ura tana gane zare, amma ba ta san cewa wannan riga in an rage mata hannu za ta dace da ɗan makaranta ba. Wannan aikin mutanen Kantamanto ne. A lungunan kasuwar akwai teloli da masu rini da masu wanki da guga da masu faci. Babbar riga ta koma ƙanana biyu, zanen gado ya koma gajerun wanduna, jins da ya koɗe a rina shi ya koma rumfa. Wannan shi ya fi kowace hanya sauƙi da amfani, don tufar ba ta shiga tukunya ba, ba ta ci wuta da sinadari ba.

Matasa sun ɗauki sana'ar sun kai ta fagen ado. Ƙungiyar The Revival, wadda Yayra Agbofah ya kafa, tana tsintar abin da kasuwa ta yar ta ɗinka kaya na yayi, har ta yi wa manoman abarba rigunan aiki da tsohon jins don kare su daga ƙayar ganye. Kamfanin Trashy Bags a Ankara tun 2007 yake tara ledojin ruwan sha, a wanke, a shanya, a ɗinka jakunkuna. The Or Foundation kuma tana niƙa tsumman da ba ya gyaruwa ta matse shi ya zama allo. Iyayenmu mata ba za su yi mamaki ba: da guntayen atamfa da tela ya zubar suka saba haɗa bargon faci, da tsohon zane suke yin gammo da tsumman goyo. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ya rage gare mu

Tela da na'ura duk abu ɗaya suke nema: tufa mai tsabta, busasshiya, wadda aka yi da yadi na kirki. Riga mai araha da ke yagewa bayan wanki biyar ba ta da amfani ga kowannensu, kuma irinta ce ta cika dilolin yanzu. Araha ba ta ado. Gara shadda ɗaya da za ta kai Sallah uku da riguna biyar da ba za su ga ƙarshen damina ba.

Ga masu ba da tufafi sadaka, musamman 'yan'uwa na ƙetare, ma'aunin mai sauƙi ne: abin da za ka ji kunyar miƙa wa maƙwabcinka hannu da hannu, kada ka sa shi a leda da sunan sadaka. A wanke, a shanya ya bushe sarai, a ɗaure takalma ƙafa biyu tare. Wanda ya yage ko ya ɓaci a ware shi, a kai inda ake karɓar tsumma. In an cusa shi cikin masu kyau, zai iya ƙarewa a dilar wata baiwar Allah da ta ci bashi ta saya, bayan wata yarinya ta ɗauko shi a ka.

A gida kuma kada a zuba tsumma da leda a kwata. Mutanen Nima da Mamobi da Sabon Zango sun san yadda ruwa ke shiga ɗaki in magudana ta toshe. Guntayen yadi a tara wa mai yin matashin kai ko abin goge ƙasa. Yaron da ke koyon ɗinki a ƙarfafa masa gwiwa ya koyi gyara da sauya fasalin tsohuwar tufa, don sana'a ce da jarinta ba shi da yawa kuma masu neman ta suna ƙaruwa.

Muna roƙon limamai da sarakunan zango da shugabannin mata su tayar da wannan magana a majalisunsu. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.