Ciwon kai: Shin ƙari ne a ƙwaƙwalwa ko rashin barci?

Mu huɗu ne a ɗakinmu na kwanan ɗalibai. A zangon da ya wuce, ana saura mako guda a fara jarrabawa, ɗaya daga cikinmu ta tashe mu da kuka wajen ƙarfe biyun dare, waya a hannunta. Ashe kusan mako uku ke nan kanta na ciwo ba ta gaya wa kowa ba, sai a daren ta rubuta abin da take ji a Google. Kafin ta gama karanta shafi na uku ta riga ta yanke wa kanta hukunci cewa ƙari ne ya fito mata a ƙwaƙwalwa. "Ku yafe mini" kawai take ta maimaitawa. Da farko dariya ta so kama mu, amma da muka karɓi wayar muka karanta, mu ma jikinmu ya yi sanyi, don babu wadda ba ta da biyu ko uku daga cikin alamomin da aka jera: ciwon kai, gajiya, jiri, yawan mantuwa.

Da gari ya waye muka raka ta asibitin makaranta. Likitar, wata dattijuwa ce, ba ta yi zancen hoton ƙwaƙwalwa ba tukuna, tambayoyi ta fara jerowa.

"'Yata, awa nawa kike barci?"

"Kamar huɗu, Likita."

"Me kike sha don kada barci ya ɗauke ki?"

"Kofi, kofi uku ko huɗu."

"A aji, a ina kike zama? Kina ganin allo sosai?"

Nan ƙawarmu ta yi shiru, daga baya ta ce ta daɗe tana kwafar rubutu daga littafin ta kusa da ita. Likitar ta auna hawan jininta, ta haska cikin idonta da wata 'yar fitila, ta sa ta tafiya a kan layi ɗaya, ta ce ta taɓa hancinta da yatsa idonta a rufe. Aka yi mata gwajin zazzaɓin cizon sauro, ba a samu ba. Sai aka tura ta wajen masu duba ido.

Mun kawo wannan labari ne, ƙannenmu, don mun san da yawanku masu shirin WAEC da NECO da JAMB kuna cikin irin halin, kuma wayar da ta tsorata ƙawarmu tana hannun wasunku. Ciwon kai na daga cikin larurorin da suka fi yawa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 ya shafi mutum biliyan 3.1, wato kusan kashi 40 cikin 100 na mutanen duniya. Ƙarin ƙwaƙwalwa kuwa abu ne da ba kasafai ake samu ba, kuma da wuya a ce ciwon kai kaɗai ne alamarsa. Google ba ya tambayar mutum awa nawa ya yi barci, jera masa cututtuka yake yi, ido kuma ya fi saurin sauka kan wadda ta fi ban tsoro.

Wanda ya fi damun ɗalibai shi ne irin wanda mutum zai ji kamar an ɗaure masa kai da igiya, gefe biyu, wani lokaci har ƙeya da wuya. Gajiya ce ke kawo shi, da damuwa, da yunwa, da ƙishirwa, da doguwar sunkuyawa kan littafi ko waya. Akwai kuma ciwon ɓarin kai da likitoci ke kira maigiren, mai bugawa kamar ganga, wanda kan zo da tashin zuciya da ƙin haske da ƙin hayaniya, wasu har walƙiya suke gani kafin ya fara. Yakan bi jini a gida, kuma ya fi yawa ga 'yan mata bayan sun balaga, musamman daf da al'ada. Yana da azaba ƙwarai, amma ba ƙari ba ne. Sai kuma namu na gida, zazzaɓin cizon sauro da taifod, waɗanda gwaji ne kawai ke tabbatar da su.

Masana barci sun ce matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Mu da muka yi karatun dare har asuba mun san ba a cika samun haka ba, amma gaskiya ita ce abin da aka karanta da ƙarfe ukun dare da kai mai ciwo ba ya zama.

To, yaya ciwon kan ƙari yake? Abin mamaki shi ne ita ƙwaƙwalwar kanta ba ta jin zafi, shi ya sa ake yi wa wasu tiyata a cikinta suna farke suna magana da likita. Abin da ke jin zafi shi ne tantanin da ya lulluɓe ta da jijiyoyin jini. Ƙoƙon kai kuwa rufaffen akwati ne, ba ya buɗewa. Idan wani abu yana girma a ciki, matsi ne ke ƙaruwa. Don haka ciwon yakan fi tsanani da sassafe bayan mutum ya kwana a kwance, ko ma ya tashe shi daga barci, yakan ƙaru idan an yi tari ko an sunkuya, kuma mako bayan mako gaba yake yi. Sannan yana zuwa da 'yan rakiya: amai da safe ba tare da ciwon ciki ba, ganin abu biyu-biyu ko dishi-dishi, tangaɗi a tafiya, mutuwar hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya, harɗewar magana, rubutun hannu ya lalace haka kawai, halin mutum ya canza har na kusa da shi su lura, ko farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba. Wannan matsin ne likitar ta nema da ta haska idon ƙawarmu, domin yakan kumbura jijiyar gani a can cikin ido inda ake iya hangowa.

A nan muna da magana da iyaye da malamai. Yaro ya faɗi yana fizge-fizge, ko ya fara abin da ba halinsa ba, sau da yawa abin da ake fara cewa shi ne iska ce ta taɓa shi. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa duka biyun, kada a shafe watanni kafin likita ya gan shi. Ba kowane ƙari ne ciwon daji ba, akwai waɗanda ake cirewa mutum ya ci gaba da rayuwarsa, kuma ana yin tiyatar ƙwaƙwalwa a nan Arewa, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Hoton CT ko MRI ne ke nuna ƙari, amma likita ne ke yanke shawarar wanda za a yi wa, don yana da tsada, kuma mafi yawan masu ciwon kai ba sa buƙatarsa.

A ganinmu, ciwon kan da ya fi cancanta ɗalibin makarantar kwana ya ji tsoro shi ne na sanƙarau. Muna zaune ne a yankin da cutar ta fi ƙamari, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha, kuma takan tashi a lokacin rani, daga hunturu har zuwa tsananin zafi, ta fi yaɗuwa inda aka cunkushe a ɗaki ɗaya ba iska. A 1996 ta kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar riga-kafin Men5CV, mai kariya daga nau'o'i biyar na ƙwayar cutar. Ƙari yana ɗaukar makonni ko watanni, sanƙarau kuwa cikin kwana ɗaya yana iya yin kisa. Idan abokin kwananka ya kamu da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare, yana ƙin haske ko yana sambatu, kada a ce a bari gari ya waye, a tashi malamin da ke kula da ɗakin kwana a lokacin. Haka nan ciwon kan da ya sauko farat ɗaya da tsananin da mutum bai taɓa ji ba, da wanda ya biyo bayan faɗuwa daga babur ko karo a filin ƙwallo, musamman in akwai amai ko yawan barci.

Batun kemis kuma. Farasitamol na taimakawa idan an sha yadda aka rubuta, amma wanda ke shan sa kwana 15 ko fiye a wata, har tsawon sama da wata uku, maganin kansa yana iya zama mai haddasa ciwon kan. Asfirin ba na 'yan ƙasa da shekara 16 ba ne sai da umarnin likita. Tiramol da kodin kuwa kada ma a fara, ko da aboki ya rantse cewa sun yi masa aiki.

Abin da likitar ta ba ƙawarmu ya fi mana kama da aikin gida. Ta ce ta ware shafi a bayan littafi ta riƙa rubuta ranar da kan ya yi ciwo, da ƙarfe nawa, da wane gefe, da abin da ta ci, da awannin barcinta, da maganin da ta sha, ta dawo da shi bayan mako biyu, ko kafin nan idan wani sabon abu ya ɓullo. Ta ce ta rage kofi a hankali, don daina shi dare ɗaya ma yana kawo ciwon kai, ta riƙa ajiye ruwa kusa da ita, kuma duk bayan minti 20 na karatu ta ɗaga kai ta kalli nesa na ɗan lokaci.

Masu duba ido suka gano ba ta ganin nesa, suka rubuta mata tabarau. Ciwon ya lafa kafin a gama jarrabawa, ko da yake har yanzu yakan leƙo ta duk ranar da ta raba dare. Ranar da ta fara sa tabarau muna dawowa daga aji ta tsaya cak a gindin bishiyar darbejiyar da ke ƙofar ɗakinmu tana kallon sama, ta ce ashe daga ƙasa ana iya ganin ganyen ɗaya bayan ɗaya.