Kira Uku Cikin Dare

Ga kacici-kacici, mai karatu, gyara zama. Yarinya 'yar shekara 16 ta kira mahaifinta sau uku cikin dare, barci ya hana shi ɗauka. Gari ya waye, babu ita babu labarinta. Ba a fasa ƙofa ba, ba a yi wa kwamfutarta kutse ba. Amma akwai wanda ya san abin da ke cin ranta fiye da uban da ya haife ta. Wane ne?

Labarin fim ɗin Searching ke nan, wanda Aneesh Chaganty, tsohon ma'aikacin Google, ya ba da umarni, ya fito a 2018. An ɗauke shi cikin kwana 13 da dala 880,000, ya kawo sama da dala miliyan 75. Duk abin da za ka gani a fuskar kwamfuta da waya yake faruwa. In ba ka kalla ba, ka sani zan fasa ƙwai.

David Kim, wanda John Cho ya fito a matsayinsa, ya buɗe kwamfutar 'yarsa Margot. Bai san kalmar sirrinta ba, sai ya bi ta akwatin imel na marigayiya matarsa Pam ya sauya ta. Cikin mintuna ya shiga ko'ina. Abin da ya tarar ya sanyaya masa jiki: yarinyar ba ta da ƙawa ko ɗaya ta kusa, ta daina zuwa koyon fiyano wata shida da suka wuce, kuɗin da yake ba ta kuwa ta tara dala 2,500 ta tura wa wani. Wa?

Zato na farko, guduwa ta yi. Jami'ar bincike Rosemary Vick ta kawo katin shaida na jabu mai hoton Margot, kowa ya gyaɗa kai. Sai aka jawo motar yarinyar daga tafkin Barbosa, kuɗin suna ciki a ambulan. Mai gudu zai bar guzurinsa?

To, baffanta Peter fa? Saƙonnin da ke tsakaninsu ba su da daɗin karantawa, har David ya dasa masa kyamara. Ashe wiwi suke sha a ɓoye. Laifi ne, amma ba shi muke nema ba.

Sai wani tsohon fursuna, Randy Cartoff, ya amsa laifin kisa a bidiyo, aka ce ya kashe kansa. An rufe bincike. Ana shirin taron makoki. Saura minti kaɗan fim ya ƙare, ko ba haka ba?

David yana loda hotunan 'yarsa a shafin kamfanin da zai watsa taron. Tallar kamfanin ta bayyana. Wata mata tana murmushi. Ya tsaya. Ya san fuskar nan.

Hannah ce, ƙawar da Margot ta yi a dandalin YouCast mai laƙabin fish_n_chips, wadda ta ce ita ma mahaifiyarta na fama da sankara. Ya bincika hoton, ya gan shi a tallace-tallace barkatai. Hoton sayarwa ne, irin wanda kamfanoni ke saye su manna a talla. Babu wata Hannah. Amma Vick ta ce ta bincike ta, ba ta da hannu! Ya kira ofishin 'yan sanda, aka ce masa ai Vick da kanta ta nemi a ba ta aikin. Ya sake lalube, sai ga hotonta tare da Cartoff.

Ashe mai laƙabin fish_n_chips Robert ne, ɗan Vick. Tun suna yara yake son Margot. Ya same ta tana magana ita kaɗai gaban kyamara, tana juyayin uwar da babanta ya kasa ambata. Ya saurara, ya ɗinka Hannah daidai da raunin da ya ji, ta tausaya ta tura kuɗin magani. Daren da ya bi ta tafki don ya mayar mata, ta firgita, suka yi kokawa, ya tura ta cikin kwazazzabo. Uwarsa ta binne zancen.

Nan ne fim ɗin ya fi tsorata ni. Robert bai san dabarar kutse ba, sauraro kawai ya yi. David ma bai sani ba, duk da haka ya karanta rayuwar 'yarsa kaf. Ɗaya ya jefa ta, ɗaya ya cece ta, kuma ta ƙofa guda suka shiga. Chaganty bai ce intanet dodo ba ce, shi ya sa na yarda da shi.

Margot fa? Vick ta ce kwana biyar babu ruwa, ba za ta rayu ba. David ya tuna an tafka ruwan sama a tsakiyar kwanakin. Aka juya mota. An fito da ita da ranta.

In za ka kalla, ka sa ido kan saƙonni da kanun labarai da ke gefen allo. Masu fim ɗin sun baza alamun amsar a can tun kafin David ya gano ta.