Gidan Zoo na Audu Bako: Dabbobin da birni ya yi wa ƙawanya

Yaron da ya tashi a Azare, idan ya ce ya taɓa ganin zaki ido da ido, akwai yiwuwar a Kano ya gan shi. Yankari tana cikin jiharsa, amma tana can kudancin Bauchi, kuma zuwa can sai da mota da guzuri mai kauri. Kano kuwa hanya ce miƙaƙƙiya ta Wudil, wadda 'yan kasuwar ƙasar Katagum suka saba bi. Shi ya sa Gidan Zoo na Kano ya zama na Arewa gaba ɗaya, ko da yake jiha ɗaya ce ke ɗauke da nauyinsa.

Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya kafa gidan a farkon shekarun 1970, a zamanin da ya gina madatsun ruwa na Tiga da Bagauda. A lokacin wurin bayan gari ne. Yau titin da ya ɗauki sunan gidan yana cikin mafi cunkoso a birnin, shaguna da manyan kantuna sun kewaye katangar. A ciki akwai zaki da kura da giwa da jimina da kada da birai, suna kwana suna tashi cikin ƙarar injin janareta da hon ɗin Adaidaita Sahu.

Shekarar 2019 ce ta kai sunan gidan duniya, ba don alheri ba. A watan Yuni aka nemi naira miliyan 6.8 na kuɗin shiga da aka tara a bikin Sallah aka rasa, sai labari ya bazu wai gwaggwon biri ne ya haɗiye su. Gwamna Abdullahi Ganduje ya fito ya ce babu ma irin wannan biri a gidan, ya kuma ba da umarnin bincike. An yi dariya har an gaji, amma kaɗan ne suka tsaya suka lura da abin da adadin ke nunawa: yawan talakawan da ke tururuwa wurin da 'ya'yansu. A watan Oktoba kuma wani zaki ya kuɓuce yayin da ake mayar da shi keji bayan baje kolin noma a Jihar Nasarawa. An same shi a garken awakin gidan, ya riga ya yi ɓarna.

A 2020 gwamnatin jihar ta bayyana niyyar mayar da dabbobin Tiga, bisa hujjar cewa hayaniyar birni tana takura musu. Hujjar tana da ƙarfi, domin dabbar dawa ba ta son hayaƙi da ƙara. Sai dai duk wanda ya san darajar fili a Titin Zoo ba zai rasa tambayar abin da za a yi da wurin bayan an kwashe su ba, kuma masu adawa da shirin sun yi wannan tambaya da babbar murya.

Akwai wata tambayar da ta fi damuna. Malamin firamare daga Azare yana iya cika mota da ɗalibai da asuba, su ga giwa, su koma gida kafin isha'i. Idan aka ƙara masa tafiyar Tiga, da kuɗin man da za ta ci, da wuya shugaban makarantarsa ya sa hannu a takardar.