Laburaren Minna Da Mutanen Sauka Kahuta: Wa Zai Fara Zuwa Wurin Wani?

Garin da aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921, aka kuma haifi Ben Okri a 1959, bai kamata a ce sai an roƙi mutanensa su shiga ɗakin karatu ba. Minna ke nan. Babban laburaren jihar ma sunan Dokta Abubakar Imam aka sa masa, haifaffen Kagara, mai Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, wanda ya riƙe aikin editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a 1939. Ga reshen Laburaren Ƙasa, ga hedikwatar hukumar jarabawa ta NECO, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983. Amma a tsayar da tela ko mai shago ko matar aure a unguwar Sauka Kahuta, a tambaye su yaushe rabonsu da laburare, da yawansu dariya za su yi. A wurinsu, can wajen zaman masu shirin jarabawa ne.

Ba su yi ƙarya ba. Galibin ɗakunan karatu na gwamnati a Arewa sai jarabawa ta ƙarato suke cika, kuma ɗalibin da ya shigo da littafinsa yake zuwa. Kujera yake nema da fanka da wurin da ƙannensa ba za su dame shi ba. Da an gama jarabawa sai ma'aikata su koma hira da juna.

Wannan ciwo ya daɗe. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu aka bubbuɗe ɗakunan karatu a ƙarƙashin En'e, musamman don a riƙa sanar da jama'a labarin yaƙi. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, yana aika wa larduna littattafai a cikin akwatuna. Shekara guda bayan haka UNESCO ta tara masana a Ibadan kan yadda za a raya laburaren jama'a a Afirka. Da aka gayyato wani masani, F. A. Sharr, ya duba halin da ake ciki a Arewa, rahotonsa na 1963 bai yaba wa waɗancan ɗakuna ba. A daidai wannan zamani kuwa shirin Yaƙi da Jahilci ya ratsa birni da ƙauye, dalili kuwa a fili yake: malamin ne ya tafi inda mutane suke, ya koyar da su da harshensu, a lokacin da suka taso daga gona ko kasuwa. Ɗakin karatu ya buɗe ƙofa ya zauna jira. Har yau da sauransa a wannan jiran.

In an ce yau laburare ya shirya wa jama'a taro, kowa ya san yadda ake yi. A kafa rumfa, a yi hayar kujerun roba, a lulluɓe dogon tebur da farin ƙyalle, a jera ruwan roba a gaban manyan baƙi, na leda kuma a baya. Katin gayyata ya ce ƙarfe goma, uban taro ya iso sha biyu saura. Kafin nan an kwaso ɗalibai daga makarantu biyu ko uku cikin yunifom, suna ta hamma. Mai gabatarwa ya cinye rabin sa'a yana jero sarautu da muƙamai, wakilin babban baƙo ya karanta jawabi kan mutuwar al'adar karatu, a yi hoto, a raba lemo da biskit. Yaron da aka kawo ya koma gida bai taɓa ko bangon littafi ba, kuma babu wanda ya gaya masa cewa gobe ma yana iya dawowa. Kuɗin da zai riƙe ƙaramin zama na wata shida ya tafi a yini ɗaya. Galibi akan yi haka ne ranar 23 ga Afrilu, Ranar Littafi ta Duniya, ko 8 ga Satumba, ranar yaƙi da jahilci, sai kuma baɗi in Allah ya kai mu.

Minna ta ga salon biyu da idonta. A zamanin Gwamna Mu'azu Babangida Aliyu, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, an kafa hukumar bunƙasa littattafai ta jiha, ana kuma yin babban taron adabi mai ɗauke da sunansa, inda manyan marubuta daga ciki da wajen Najeriya suke hallara. An amfana, babu musu. Sai dai da gwamnati ta sauya, amon taron ya ja baya. A gefe guda kuwa akwai cibiyar Hill-Top da marubuci B. M. Dzukogi ya kafa a 2004, wadda jarinta bai wuce haɗuwar mako-mako ba: yara 'yan sakandare su zo da abin da suka rubuta, su karanta, a gyara musu, su koma su sake. Daga wannan zama aka samu matasa da dama da suka buga littafi tun ba su kai shekara ashirin ba, daga baya kuma bikin makarantu na HIASFEST ya tsiro. Saddiq Dzukogi, wanda littafinsa na waƙoƙi ya shiga ukun ƙarshe a babbar gasar adabi ta Najeriya a 2022, a wannan da'ira ya tashi. Marigayi Abubakar Gimba, da ya shugabanci ƙungiyar marubuta ta ƙasa, shi ma da irin wannan zama na kusa da kusa ya raini na bayansa a garin. Abin da ya riƙe waɗannan duka shi ne rana tsayayya da kowa ya sani, ko an yi sanarwa ko ba a yi ba.

To, ma'aikacin laburare da ke son mutanen Sauka Kahuta, daga ina zai fara? Daga ƙofar gidan mai unguwa, ba daga ofis ba. Ya gaisa, ya faɗi abin da ya kawo shi, sannan ya zaga wurin limamai da fastoci da hedimastoci da shugabannin 'yan Keke Napep, ya fi sauraro a kan magana. Abin da zai ji ba lalle ya zama littafi ba. Wani uba damuwarsa ita ce tun 2015 jarabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, ɗansa kuwa bai taɓa zama gaban kwamfuta ba. Wata mai sayar da kayan miya so take ta iya karanta saƙon banki a wayarta ba tare da ta miƙa wa ɗan maƙwabta ba. Matashi yana son a nuna masa yadda ake cike fom na neman aiki a intanet ba tare da 'yan damfara sun wanke shi ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan shiri ne cikakke, kuma wanda ya zo dominsa ta gaban kantar littattafai zai wuce.

Sai maganar lokaci, wadda a kanta shirye-shirye da yawa suke faɗuwa. Yaron Musulmi a Minna da safe yana boko, da la'asar yana Islamiyya, Asabar da Lahadi ma sau da yawa Islamiyya ce ko hadda. Amma makarantu da yawa suna hutun Alhamis da Juma'a, don haka yammacin Alhamis fili ne da ba kowa ke lura da shi ba. Yaran Kirista kuwa Lahadi ba tasu ba ce, yammacin Asabar ma akwai masu zuwa koyon waƙa a coci. Matan aure sun fi samun sarari da hantsi, bayan yara sun fita, kafin a ɗora sanwar rana. Dogon hutun makaranta yana faɗowa a Agusta, tsakiyar damina, saboda haka zaman gindin bishiya yana buƙatar ajin da za a ruga in hadari ya taso. A Maris da Afrilu kuwa, ɗakin da babu fanka kora yake yi. Jihar da ke da madatsun samar da wuta na Kainji da Shiroro da Zungeru ce, amma wanda ya dogara da wutar layi ranar koyon kwamfuta ya shirya jin kunya. Ko sola ko janareto da mansa a ajiye.

Nisa ma abin lissafi ne. Uwa mai 'ya'ya huɗu ba za ta biya kuɗin keke zuwa da dawowa kowane mako don a karanta musu labari ba. Gara laburaren ya ɗauko kansa ya zo. A Kenya tun 1996 aka fara ɗora akwatunan littattafai a kan raƙuma a yankin Garissa ana bin makiyaya da su. A Minna Keke Napep ɗaya ya isa ya ɗauko akwati biyu da tabarmi zuwa wani aji na firamare da hedimasta ya ba da aro.

Zaman yara ba ya son tsawo. Minti arba'in ya wadatar. Yara su zauna a tabarma, mai karatu ya zauna ƙasa tare da su, ya ɗaga littafin yadda na baya zai ga hoto, ya tsaya a tsakiyar labari ya tambaye su me suke jin zai faru. Hannuwa za su tashi, har da na wadda tun shigowarta take ɓoye fuska a hijabi. Daga nan a zube littattafai a tsakiya, kowa ya ɗauki wanda ya so, ko da a juye zai riƙe shi. Shafi zai yage, bango zai yi datti, kuma ma'aikacin da ba zai iya jure ganin haka ba gara a bar shi a ofis. Wani makon a gayyato tsohuwa ta yi tatsuniya. Sanarwar UNESCO ta 1994 kan laburaren jama'a ta sa raya adabin baka cikin ayyukansa, don haka ba wasa aka kawo ba. A unguwa irin wannan, da Bahaushe da Banufe da Bagwari da Bayarabe da Ibo suke katanga ɗaya, Hausa ce ke haɗa kowa, amma ranar da kakar wani ta ba da labari da Nufanci ko Gbagyi jikanta yana fassarawa, iyalin gidan gaba ɗaya za su zo kallo.

Mata ba a samunsu da takardar manne a bango. Ta bakin malamar Islamiyya ake samunsu, da zumuntar mata ta coci, da rukunin WhatsApp na 'yan adashe. Ƙungiyar FOMWAN, wadda a Minna aka kafa ta a 1985, ta daɗe da sanin wannan hanya, kuma neman haɗin kanta ya fi buga fosta sauƙi. Ɗaliban jami'a da masu yi wa ƙasa hidima za su iya riƙe ajin kwamfuta, muddin an ba su kuɗin mota a kan kari.

Littafin rajista ɗaya ya ishi shirin hisabi. A rubuta sunan duk wanda ya zo, amma adadin da za a duba shi ne na waɗanda suka dawo karo na uku, da waɗanda suka karɓi katin aro. In zaman da ya fara da yara talatin ya koma bakwai, a tambayi iyaye dalili kafin a zargi yaran. Sau da yawa za a tarar an yi karo da lokacin ɗibar ruwa ko talla.

Abin da ya rage na hukuma ne. Ma'aikacin laburare ma'aikacin gwamnati ne, yana tashi ƙarfe huɗu, daidai lokacin da jama'a suke fara samun kansu. In ana son zaman yammacin Alhamis ko na Asabar, dole hukumar laburare ta rubuta wanda zai riƙe mabuɗi, ta biya shi alawus ko ta rama masa da hutun wata rana, ta kuma ware ɗan kuɗin mai da na keke a kasafinta na shekara, ba sai an jira Ranar Littafi ba.