Ko ka sani? Gwamnatin Jamus ta taɓa ce wa jama'arta su sauya burauza

A tsakiyar watan Janairun 2010, hukumar tsaron bayanai ta gwamnatin Jamus ta fitar da wata sanarwa da ba kasafai ake jin irinta daga bakin hukuma ba. Ta shawarci jama'a su dakata da amfani da Internet Explorer, su nemi wata burauzar su riƙa shiga intanet da ita har sai kamfanin Microsoft ya gyara tasa. Ba a jima ba Faransa ta bi sahu. Musabbabin abin shi ne, kamfanin Google ya bayyana cewa 'yan kutse daga China sun shiga kwamfutocinsa da na wasu manyan kamfanoni aƙalla 20, da masana suka bi sawu kuma sai suka tarar da wata kafa a jikin Internet Explorer da aka bi aka shigo. Ba sai ma'aikaci ya sauke komai ba. Da zarar ya buɗe shafin da aka ɗana masa tarko, shi ke nan an shigo. Sai ranar 21 ga watan Microsoft ya toshe kafar.

Me ya sa manhaja guda ɗaya za ta tayar wa gwamnatoci hankali haka? Saboda aikin burauza ya wuce nuna rubutu da hoto. Kusan duk shafin da ka buɗe yana zuwa da nasa umarnin, wanda wani mutum da ba ka sani ba ya rubuta da harshen kwamfuta mai suna JavaScript, burauzarka kuma ta karɓa ta aiwatar a cikin wayarka nan take. A yini guda za ta yi wa baƙi masu ɗimbin yawa wannan hidimar. Kuma ita ce dai ke riƙe da kalmomin sirrinka, ta nan kake buɗe imel, ta nan kake cike takardar neman aiki ko ta makaranta.

Tim Berners-Lee ne ya ƙirƙiri burauza ta farko a 1990 a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janiba. Mosaic ta fito a 1993, Netscape a 1994, Internet Explorer a 1995. Da yake Microsoft ya haɗa tasa kyauta da Windows, kafin a kai ko'ina ta cinye kasuwa, har ya zama a farkon shekarun 2000 fiye da mutum 9 cikin 10 da ita suke shiga intanet. A nan ɓarnar ta faro. Da abokan gasa suka faɗi sai kamfanin ya miƙe ƙafa: zubi na 6 ya fito a 2001, na 7 bai zo ba sai 2006. Shekara biyar ke nan 'yan kutse suna nazarin abu ɗaya suna gano rauninsa. Koriya ta Kudu ta fi kowa jin jiki, domin an gina harkar banki da sayayya ta intanet a ƙasar kan wata fasahar Microsoft mai suna ActiveX, wadda a Internet Explorer kaɗai take aiki. Ko mutum ya so sauyawa, babu hali.

Firefox ce ta fara ba mutane mafita a watan Nuwamban 2004, da hana tallace-tallacen nan masu faɗo wa mutum a fuska da kuma buɗe shafuka da yawa a taga guda. Amma a ganina babban sauyi ya zo ne da Chrome ta kamfanin Google a 2008. Injiniyoyinta sun yarda tun farko cewa ba za a taɓa rasa kuskure a manhaja mai girma haka ba, don haka suka tsara ta yadda ake karɓar baƙo a gidan Bahaushe: a zaure yake tsayawa, a yi masa duk abin da ya zo nema, amma ba ya leƙa cikin gida. Ana killace shafuka a keɓe, ba su da ikon taɓa fayilolinka kai tsaye, kuma idan ɗaya ya rikice ba ya jan sauran. Sannan ta riƙa sabunta kanta ba tare da jiran mai ita ya tuna ba. Yau duk burauzar kirki haka take yi. Ita kuwa Internet Explorer, Microsoft ya yi mata ritaya ranar 15 ga Yunin 2022.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Sunayen burauza sun yi yawa, amma injinan da ke ƙarƙashinsu uku ne manya. Chrome da Edge da Opera da Brave da Samsung Internet duk a kan Chromium aka gina su. Opera ta koma can a 2013, Edge a 2020. Safari na da WebKit, Firefox kuma na da Gecko. A wayar iPhone ma, a yawancin ƙasashe, duk burauzar da ka sauke injin Safari ne a cikinta. Ma'anar wannan ita ce idan aka gano kafa a Chromium, duk danginsa abin ya shafa, bambancin kawai wa ya riga kai gyara ga jama'arsa. Ƙaramin kamfanin da ya ɗauki Chromium ya shafa masa fenti, ya cika shi da labarai da talla, sannan ya yi wata da watanni bai sabunta ba, ya bar ka a fili ko da kuwa sunansa na da daɗin ji. Shi ya sa nake ganin dorewar Firefox alheri ne har ga wanda ba ya amfani da ita, don kada intanet ta sake komawa hannun kamfani ɗaya.

A ƙasarmu, tsadar data ce ta fi tsaro zaɓa wa mutane burauza, kuma ban ga laifin kowa ba. Opera Mini, wadda wani kamfanin Norway ya fitar, ta yi wa masu ƙananan wayoyi babbar rana. Dabararta ita ce kwamfutocin kamfanin su fara ɗauko shafin, su matse shi, sannan su turo maka ɗan ƙarami. Sai dai a tsarinta na matse data sosai, shafin da aka kulle da sirri ma sai an buɗe shi a wajensu kafin ya iso gare ka. Karanta labarai da ita ba matsala, amma harkar kuɗi ta fi dacewa da burauzar da ke haɗa ka da banki kai tsaye. UC Browser kuwa, masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto sun nuna a 2015 cewa tana fitar da bayanan masu amfani da ita ba tare da kariyar kirki ba, Indiya kuma ta haramta ta a 2020.

Tsaro daban, sirri daban. Burauza na iya kare ka daga ɗan kutse amma ta bar kamfanonin talla suna bin ka daga shafi zuwa shafi da 'yan alamomin da ake kira kukis. Safari da Firefox da Brave suna daƙile irin wannan bibiyar tun daga tushe. A Chrome sai ka shiga saiti da kanka, kuma kada a manta Google da talla yake cin abinci. Tagar sirrin nan da ake ce wa Incognito ba ta ɓoye ka daga kamfanin layinka ko shafin da ka ziyarta, tarihin yawonka kawai take hana ajiyewa a cikin wayar. Alamar kwaɗon kulle da ke gefen adireshin shafi ma an daɗe ana yi mata gurguwar fahimta: tana nufin hanyar a kulle take, ba wai mai shafin amintacce ba ne, domin 'yan damfara ma suna da ita. Wannan ruɗanin ne ya sa Chrome ta cire alamar a 2023.

Sauyin kansa ba wuya. A kwamfuta, sabuwar burauza za ta tambaye ka ko ta kwaso shafukan da ka ajiye da kalmomin sirrinka daga tsohuwar, cikin 'yan mintoci an gama, kuma babu abin da ya hana ka riƙe biyu, ɗaya ta aiki da banki, ɗaya ta yawo. Abin da nake roƙo shi ne a sauke ta daga Play Store ko shafin kamfanin da ya yi ta, ba wadda aboki ya turo ta Xender ba, don sau da yawa tsohon zubi ce kuma ba ka san hannun da ta bi ba. Wanda ya kashe sabuntawa don tattalin data kuma, ya daure ya ware burauza ya riƙa sabunta ta da hannu, domin Chrome da Firefox kusan duk wata suna fitar da sabon zubi, ban da gyare-gyaren gaggawa da ke zuwa a tsakani idan an kama 'yan kutse suna amfani da wata kafa.